Kafin Ku Sayi Kwamfuta Ko Ɗaya: Jagora Ga Makarantun Zariya

Na taɓa koyarwa a wata makaranta a nan Zariya mai kwamfutoci ashirin da biyu. Na san adadinsu domin ni nake ƙirga su duk ƙarshen zango. An jera su a kan tebura, an lulluɓe kowacce da ƙyalle, an garƙame ƙofa da kwaɗo biyu, makulli kuma yana aljihun mutum ɗaya, wanda in ya tafi ɗaurin aure Kano to ɗakin ya bi shi. Ba a buɗewa sai manyan baƙi za su zo. A shekarar ne wata ɗalibata mai ƙoƙari ta dawo daga jarrabawar JAMB idanunta sun yi ja, ta ce, "Malam, wallahi na san amsoshin, kibiyar ce ta ƙi tsayawa inda nake so." Shekara shida tana wucewa ta ƙofar ɗakin nan, ba ta taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba sai ranar jarrabawa.

Tun daga lokacin na daina tambayar makaranta kwamfuta nawa gare ta. Abin da nake tambaya shi ne: a mako, minti nawa yatsun yaro ɗaya suke yi a kan madannai? Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan lissafin aka ɗora su.

Lamarin kuwa ya wuce ado. Tun 2015 JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta. A 2024 WAEC ta fara gwada hakan da masu rubutawa daga waje. Sabuwar manhajar karatu da gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 ta sanya haɗa sola da gyaran kwamfuta da waya cikin darussan sana'a. Sai dai tara na'ura kaɗai ba ya koyar da kowa. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci, amma binciken da aka fitar a 2012 bai ga wani ci gaba a sakamakon lissafi da na harshe ba. An kawo kaya, ba a shirya malami ba.

Mataki na farko: nemo mutumin, kafin kayan

Ku zaɓi malamai biyu, namiji da mace in da hali, waɗanda ɗakin zai zama amanarsu. Ba dole sai wanda ya karanta kwamfuta ba. Wanda ya fi dacewa shi ne malamin nan da kowa yake miƙa wa waya in ta rikice, mai haƙurin maimaita abu sau biyar ba tare da tsawa ba. A rage musu darussa aƙalla huɗu a mako, in ba haka ba an ɗora musu kaya ne kawai. Kowannensu ya riƙe makulli, na uku ya zauna a ofishin shugaban makaranta.

Horo bai kamata ya gagare mu a Zariya ba. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da cibiyarta ta kwamfuta mai sunan Iya Abubakar, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli, ga ɗaliban koyon malanta da ake turo mana duk shekara, ga masu yi wa ƙasa hidima. Ku rubuta takarda ku nemi a turo muku wanda ya iya. Amma ku gindaya masa sharaɗi ɗaya: kafin wa'adinsa ya cika, ya koyar da malaman gida abin da ya sani. Baƙo raɓa ne.

Mataki na biyu: wuta

Nan ne akasari ake yin tuya a manta da albasa, saboda haka zan ɗan daɗe a kai.

Ɗauki takarda ka yi lissafi da kanka kafin ka kira mai sola. Laftof ɗaya tana cin kimanin wat 45 in tana aiki tana caji. Guda goma, wat 450 ke nan. Ƙara na'urar wayfay da kwamfutar da za ta zama rumbun darussa, ka ce 30. Talabijin babba ko ƙaramin majigi, 100. Fanka biyu, 120. Jimla wat 700. In ɗakin zai yi awa biyar a rana, 700 sau 5 ya ba ka wat-awa 3,500, wato wat sau awa. Wannan ita ce wutar da kake bukata kullum.

Yanzu ɓangaren rana. Farantan sola huɗu masu wat 400 sun ba da 1,600. A yankinmu akan lissafa kimanin awa biyar na rana mai ƙarfi, wato wat-awa 8,000 a takarda. Zubar da kashi talatin cikin ɗari saboda zafi da ƙura da asarar waya da inbata (na'urar da ke mayar da wutar batir irin ta gida), saura 5,600. Ya wadatar, har da rarar da za ta cece ka ranar da hazo ya sauko. Da yake da rana ake makaranta, yawancin wutar kai-tsaye za ta tafi ga na'urori, batir na cike giɓi ne kawai. Batir mai bolt 12 da amf-awa 200 yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma in na ruwa ne rabi kawai ya kamata ka sha, in ba haka ba zai mutu da wuri. Guda biyu za su riƙe ɗakin kusan awa uku. Na litiyam ya fi tsada, ya kuma fi daɗewa, kuma ba ya neman a riƙa ƙara masa ruwa. Inbata mai kilowat ɗaya da rabi zuwa biyu ta isa.

Da manyan kwamfutocin tebur ne, kowacce da allonta za ta iya cin wat 150, wato ninki uku. Shi ya sa nake cewa laftof: ba ta da ci, kuma batirinta yana hana aikin yaro salwanta in wuta ta yi ƙif.

Zariya tana kusan digiri 11 arewa da tsakiyar duniya, don haka a fuskantar da farantan kudu, a ɗan karkata su kamar digiri 10 zuwa 15 yadda ruwan sama zai riƙa wanke su. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ba ruwan sama, sai ƙurar hunturu, to a sa wani ya wanke su da ruwa da tsumma mai laushi sau ɗaya ko biyu a mako, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi. Kafin damina a tabbatar an kafa sandar ƙarfe a ƙasa an haɗa ta da layin, an kuma sa abin tare tsawa. Batura su zauna inda iska take shiga, domin zafin Maris da Afrilu yana cinye musu kwana.

Abu na ƙarshe, kuma da gaske nake: layin ɗakin kwamfuta ya zama nasa shi kaɗai. Butar dafa shayi ta lantarki guda ɗaya tana jan wat 1,500 ko fiye, ninki biyu na ɗakin gaba ɗaya. Na ga inbata ta ƙone saboda shayin ƙarfe goma, kuma wanda ya jona butar har yau bai amsa laifinsa ba.

Mataki na uku: sayen kaya

Kwamfuta goma masu aiki sun fi talatin da rabinsu ke kwance. Na hannu, wato waɗanda aka yi amfani da su a waje, suna yi, musamman irin na ofis kamar ThinkPad da Latitude da EliteBook, domin an yi su da ƙwari kuma kayan gyaransu suna samuwa. Ku sayi iri ɗaya: caja ɗaya ta shiga kowacce, in ɗaya ta mutu gawarta ta ciyar da sauran.

Kada a aiki ɗan aike. Malamin ɗakin ya je da kansa, ko a shagunan Sabon Gari ne ko Kaduna ko Kano, ya zauna da kowace na'ura. Ya buɗe shafin rubutu ya danna kowane harafi ɗaya bayan ɗaya. Ya cire caja ya ga ko batir zai yi awa guda. Ya duba ko akwai kalmar sirri da aka kulle cikin na'urar da ita tun daga tushe, in akwai ya ajiye ta. Ya nemi mai RAM (ƙwaƙwalwar aiki) giga 8 da ma'ajiya mai sauri irin ta SSD. Ya karɓi rasit mai lambar kowace na'ura da adadin kwanakin da za a iya dawo da ita. Mai shago zai ce, "Haba Malam, ai mu da kai ba ta ɓaci." Ka yi murmushi, ka ce ya rubuta.

A lura, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, kuma tsofaffin na'urori da yawa ba sa ɗaukar Windows 11. Wannan ba dalilin jefar da su ba ne. A sa musu Linux Mint a madadin Windows, da LibreOffice don rubutu da lissafi, duka kyauta ne, ba sa nauyi, kuma ƙwayoyin cutar da yara ke kwasowa a filas ba su cika kama su ba. Ku haɗa da linzami na waje ga kowace laftof, domin shi yaro zai tarar a ɗakin jarrabawa.

Ɗakin kansa: ƙarfe a taga, silin da ba ya yoyo, akwatin ƙarfe mai makulli, labule mai kauri saboda ƙura. Takalma a waje. Ba ci ba sha, domin inda ɓurɓushin biskit yake nan ɓera yake zuwa, kuma in ya zo da waya yake farawa.

Mataki na huɗu: darussa ba tare da intanet ba

Kuɗin data shi ne ramin da ba ya cika, kuma aji mai buɗaɗɗen intanet cikin minti biyar yake komawa gidan kallon ƙwallo. Hanya mafi sauƙi ita ce a kawo intanet ɗin sau ɗaya a ajiye.

Ga yadda ake yi. Ware laftof ɗaya mai babbar ma'ajiya ta zama rumbu. Kai ta inda sabis yake da ƙarfi, ko ka yi amfani da datar dare, ka sauke manhajar Kolibri, kyauta ce. A cikinta za ka zaɓi tashoshin darussa: bidiyoyin lissafi da kimiyya na Khan Academy, gwaje-gwajen PhET na Jami'ar Colorado da ke Amurka, da littattafan yara na African Storybook, waɗanda akwai na Hausa a ciki. Kada ka kwashi komai, zaɓi abin da ya dace da azuzuwanka. Dawo makaranta, haɗa rumbun da na'urar wayfay ko da ba layi a cikinta. Kolibri za ta nuna maka adireshi na lambobi, irin mai farawa da 192.168 ya ƙare da 8080. Rubuta shi a allo. Duk laftof ko wayar da ta kama wayfay ɗin, in aka buga adireshin a burauza, darussan za su buɗe, ba a taɓa ko sisin data ba. Malami yana iya buɗe aji a ciki, ya ba da aiki, ya ga wanda ya yi da wanda ya maƙale.

Ƙara da Kiwix, wadda take ajiye Wikipedia ta Turanci da ta Hausa a na'ura. Ga masu waya a gida kuma akwai Nigeria Learning Passport, wanda Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022, yana da darussa har da na Hausa.

PhET ya fi burge ni. Makarantun da ba su da ɗakin gwaji sun fi yawa, kuma na sha zana batir da ƙwan fitila da alli ina rantsuwa cewa wuta tana zagayawa. Ranar da yaro ya haɗa wayoyin da kansa a allo, ya ƙara batir na biyu ya ga ƙwan ya ƙara haske, ya ƙara da yawa ya ga wuta ta kama, ajin gaba ɗaya ya ɗauki sowa. Gani ya kori ji.

Mataki na biyar: jadawali

Mu koma ga lissafinmu na farko. Aji mai yara 60, kwamfuta goma, biyu-biyu a kan kowacce: rukuni uku ke nan. Makaranta mai aji goma sha biyu tana bukatar darasi 36 a mako kafin kowa ya shiga sau ɗaya, wato kusan duk jadawalin. Darasin minti 40 in aka raba wa yara biyu, kowa ya sami minti 20. A zangon mako goma sha biyu awa huɗu ke nan. Kaɗan ne, amma ya fi shekara shida na leƙe ta taga.

Tunda ba ya isa, sai a yi zaɓi. Ni ina fifita aji ɗaya na ƙaramar sakandare, domin a kafa tushe, da aji biyu da uku na babbar sakandare, domin jarrabawa tana ƙofa. Sauran su riƙa karɓa-karɓa. Rukunin da ba ya ciki kada ya zauna banza: kowane yaro ya zana allon madannai a kwali daidai girmansa, ya riƙa ɗora yatsu yana haddace mazaunin haruffa. Wanda ya taso da allo da tawada ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Ƙarin lokaci kuwa, kada ku sa shi ranar Asabar ko Lahadi ko yammacin Litinin, za ku yi karo da Islamiyya, kuma iyaye ba za su zaɓe ku ba. Yammacin Alhamis ya fi, tunda yawancin Islamiyyu suna hutu Alhamis da Juma'a.

A sa ido kan 'yan mata. In aka haɗa namiji da mace a na'ura ɗaya, sau da yawa shi zai riƙe linzami ita ta zama 'yar kallo. A haɗa mata da mata, a kaɗa ƙararrawa a minti na ashirin a sauya hannu, kuma malama ta kasance a wurin duk zaman yamma.

Mataki na shida: me za a koyar

Zangon farko ba wani abin burgewa: kunnawa da kashewa, riƙe linzami, buga rubutu da yatsu goma, adana aiki da suna a kuma nemo shi gobe. A nan ne za a koya musu ƙ da ɗ da ɓ. Windows yana da tsarin madannai na Hausa, manhajar madannai ta Gboard ma a waya haka, saitawa kawai ake yi. Garin da ya ɗauki shekaru yana buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo bai kamata 'ya'yansa su riƙa rubuta ƙasa da kasa iri ɗaya ba.

Daga nan sai aiki na gaske, kuma a ɗauko shi daga bakin ƙofa. A tura yara su tambayo farashin tiyar masara da ta wake da kwandon tumatir a kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru duk mako, su zuba a jadawalin lissafi, su fitar da zane. Bayan wata uku su da kansu za su gaya maka lokacin da kaya ke tashi, su fara gardamar dalili. A kafa gwangwani mai ma'auni a fili, a rubuta ruwan da ya sauka daga Mayu zuwa Oktoba, a tara, a gani ko ya kai kusan milimita dubu da aka saba samu a nan. Wani rukunin ya ɗauki ƙofofin birni, Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Kona, su je da waya ɗaya su gaida dattawan unguwa, su nemi izini, su naɗi bayani, su dawo su buga shi. A aiki ɗaya sun koyi tambaya da ladabi da ɗaukar hoto da rubutu.

Shirya manhaja kuma ana fara shi ba na'ura. Ka ce wa yaro ya rubuta umarnin da zai kai baƙo daga Kwangila zuwa babbar ƙofar jami'a, wani ya bi umarnin a filin makaranta kamar mutum-mutumi, ba ƙari ba ragi. Inda aka manta a ce "juya dama", nan zai yi karo da bango, ajin ya yi dariya, an kuma gane abin da ake nufi da kuskure a manhaja. Sai a wuce zuwa Scratch, wadda ake jera umarni kamar bulo, kuma tana aiki ba intanet.

Masu shirin JAMB nasu daban ne, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, 60 na Turanci, 40 a kowane ɗayan darussa uku. Minti 120 a raba wa 180, daƙiƙa 40 ke nan kowace tambaya. A yi musu gwaji cikakke da agogo aƙalla sau uku kafin ranar. A nuna musu cewa ko linzami ya ƙi, madannai suna yi: A, B, C, D don zaɓen amsa, N don gaba, P don baya, S don miƙawa. Da ɗalibar nan tawa ta san wannan, da labarin ya sauya. Tun suna aji biyu a tabbatar kowa yana da lambar NIN, sunansa da ranar haihuwarsa sun yi daidai da na takardun makaranta, yana da imel da layin waya nasa wanda ba za a yar ba.

Ƙirƙirarriyar basira da tsaron yara

Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, kuma Meta AI ya shigo cikin WhatsApp, aikin gida ya zama abin tuhuma. Hanawa ba za ta yi ba, yana aljihun yayansu. Abin da nake yi shi ne in jona waya da talabijin a gaban aji, mu tambayi ChatGPT ko Meta AI abin da yaran suka fi shi sani: gidajen sarautar Zazzau, ko unguwannin cikin birni. Yaro ɗan Zariya ya san Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, don haka in na'urar ta yi tuntuɓe, ko ta ƙago wani abu da cikakkiyar gadara, shi zai fara kama ta. Daga ranar ya san ana bincikar maganarta. Duk aikin da aka kawo kuma, sai mai shi ya tsaya ya yi bayaninsa da baki na minti biyu.

A ware darasi guda kan 'yan damfara: ba a ba kowa lambar sirri ko lambar da banki ya turo, ba a danna saƙon "ka ci kyauta", ba a tura hoto ga wanda ba a sani ba. Makaranta ma da nata. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta shafi bayanan yara, don haka kada a watsa hotunansu ko sakamakonsu a Facebook ba da yardar iyaye ba.

Kuɗin gyara da bin diddigi

Ku kai lissafin gaban ƙungiyar iyaye da malamai da kwamitin kula da makaranta tun kafin a sayi komai, a amince da ɗan abin da za a riƙa warewa duk zango don caja da linzami da ruwan batir, da kuma tarin kuɗin sabon batir, domin ranar mutuwarsa tana nan tafe. Tsofaffin ɗalibai sukan fi sakin hannu in sun ga 'ya'yan unguwa zaune a kan na'urorin, saboda haka ku gayyace su ranar da ake darasi.

A ajiye littafi a bakin ƙofa: kwanan wata, aji, yara nawa, na'ura mai lamba kaza ta yi kaza. A horar da ɗalibai huɗu ko biyar su zama masu kula, su hure ƙura, su naɗe caja, su rubuta matsala. Ƙarshen zango a ɗauki yara goma ba zaɓe, kowa ya buga sakin layi ɗaya cikin minti biyar, ya adana shi, ya rufe, ya nemo shi. A rubuta nawa suka iya, a kwatanta da zango mai zuwa.

In an tashi dogon hutu, a bar batirin kowace laftof a wajen rabi, a kashe ta gaba ɗaya, a sa a akwati. Inbata a rage mata kaya amma a bar sola tana cajin batura. Ɗaya daga cikin masu makulli ya riƙa leƙowa duk bayan mako biyu, ya duba ruwan batir, ya ɗaga kai ya dubi silin ko damina ta fara ɗigo.